Matar da Ta Mayar wa Yayata Idanunta

Tana sauka daga motar haya tun masu shara ba su gama baranda ba. Jaka ɗaya a kafaɗa, filas a hannu, takalmin da ya sha ɗinki a ƙafa. Ba ta bin babbar ƙofar makarantar likitoci. Ta gefen ɗakin wanki take shiga, ta gaida mai gadi, ta tambaye shi gwiwarsa, ta tsaya har ya gama amsawa. Sannan ta wuce ƙarshen baranda, ɗakin da a da sito ne. Ta buɗe tagogi. Ta goge gilashin kabad da gefen mayafinta in tsumma ya ɓace, kuma kullum a ɓace yake. A cikin kabad ɗin akwai tsofaffin allurai na ƙarfe, da almakashi mai tsatsa, da kwalaben da rubutunsu ya goge. A tsakiyar ɗakin akwai gadon ƙarfe irin na asibitin da. Haka Malama take fara aiki tun tana da ƙuruciya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni kafinta ne. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Ba na yabon mutane. Ubana bai yabe ni ba har ya bar duniya, ni ma ban saba wa 'ya'yana ba. In aiki ya yi kyau, shiru nake yi. In bai yi ba, a ji ni. Don haka wanda ya san ni, in ya ga wannan rubutu, ya san ba ƙaramin abu ne ya zaunar da ni ba. Zaman ma ba na iya shi. In rubuta layi, in tashi in zaga shago, in dawo. Hoto ne ya jawo wannan duka, hoton yayata. Zan zo kansa. Bari in fara da ita Malamar.

Da farko ban gane aikinta ba. A makarantar kowa da abin da yake koyarwa: wannan ƙashi, wancan jini, wancan yankan ciki. Na tambayi mai gadi, ita fa? Ya ce, "Tarihi." Na ce tarihin wa? Ya ce, "Na ciwo, da masu ciwo, da masu magani." Na ce to wa ya taɓa warkewa da tarihi? Ya ce in je in tambaye ta, shi ƙofa aka ba shi.

Ɗalibanta ba yara ba ne. Likitoci ne da suka riga suka gama, wasu har da furfura, suka dawo neman digiri na gaba. Ba su da yawa. Shekarar da suka cika benci biyu, an ce an yi kasuwa. A wurinta suke karanta yadda aka yi jinya a da, yadda annoba ta zo ta wuce, wa aka kwantar a gado, wa aka kai bayan gari, da abin da mara lafiya yake ji in ana magana a kansa ba da shi ba.

Aikin farko da na yi mata ƙusoshi ne. Ta ce in jera su a bayan ƙofa. Na ce na mene ne? Ta ce, "Na fararen riguna, Baba Kafinta. Wanda zai shigo nan ya rataye likitancinsa a ƙusa, in zai fita ya ɗauka." Ta ajiye kwando a ƙasansu, na wayoyi da abin sauraren ƙirji. Na ce a raina matar nan ba ta da aikin yi. Amma na kafa ƙusoshin da kyau, don ba na yin aikin banza ko da na banza aka sa ni.

Labarin gadon kuwa, daga bakin mai shara na ji. Kowane ɗalibi sai ya kwanta a kansa, cikin rigar marasa lafiya mai tsage a baya. Sauran su zagaye shi a tsaye. Su yi magana a kan cikinsa da ƙirjinsa, ba mai kiran sunansa, ba mai kallon fuskarsa. Mai shara ta ce akwai wani babban likita mai tumbi, wanda in ya shigo asibiti ma'aikata suke gyara tsayuwa. Ya kwanta yana dariya. Aka ɗaga masa riga ba a tambaye shi ba, dariyar ta ragu. Ya buɗe baki zai gyara wa wani magana, Malama ta ce, "Gado ba ya magana." Ta ce da aka ce ya tashi, gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Ya zauna a bakin gado yana riƙe tsagen rigar ta baya da hannu ɗaya, ya ce, "Malama, ashe daga ƙasa haka muke da tsawo?"

Mai shara ba ta ƙara gishiri. Ta ce bayan nan ta kai mahaifiyarta wurin wannan likitan. Ya jawo kujera ya zauna kafin ya yi magana. Tsohuwar ta tsorata, ta ɗauka mutuwarta zai faɗa mata.

Wannan abin da wasu suka gani ke nan. Ga nawa.

A dogon barandar makarantar akwai tsofaffin hotuna na marasa lafiya, tun na zamanin da. An jera su don ɗalibai su ga yadda cututtuka suke a jikin mutum. Kowane hoto an rufe idon mai shi da baƙin layi, wai don kada a gane shi. Ɗalibai sun raɗa musu sunaye. Akwai ɗaya a gindin bene, wata matashiyar mace an sa ta sauke riga, ta juya kafaɗa, tabo-tabo masu haske a bayanta da damtsenta, an riƙa mata allo mai lamba. Don ta ɗan sunkuyar da kai, suke ce mata Amarya. Ranar jarrabawa kowa sai ya dafa gilashinta ya ce, "Amarya, a yi mana addu'a." Na sha wucewa ina jin su. Ban taɓa ɗaga kai ba. Ni katako nake kallo, ba abin da ke cikinsa ba.

Bara gara ta shiga firam ɗin hotunan, aka kira ni in sake su. Na sauke na gindin bene, na kife shi a benci, na zare ƙusoshin baya da filaya, na ɗaga kwalin. Ashe baƙin layin nan ba fenti ba ne. Takarda ce aka liƙa, gam ɗin ya bushe tun tuni, gilashi ne kawai ke riƙe da ita. Ina juyo hoton ta zame ta faɗo a kan ƙafata.

Idanun Yaya ne.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ita ce babba, ni ne auta. Tana sabon aure kuturta ta taɓa ta. Aka kai ta asibiti da wuri, aka ce wa maƙwabta ta tafi wurin dangi. Ta sha magani ta warke, yatsunta goma cif, tabon ya dushe. Mijinta ya sani, ya tafi da sirrin kabari. Ni na sani. Bayan mu babu. 'Ya'yanta ba su sani ba. Jikokinta ba su sani ba. Kuma ɗaya daga cikin jikokin, wadda nake kira Likitar Gida, a wannan makarantar ta yi karatu. Ta wannan benen take hawa.

Na cusa hoton a cikin rigata. Na tattara kayan aiki. Ina juyowa sai ga Malama a tsaye da filas ɗinta tana kallon benci.

Ta ce, "Baba Kafinta, firam ɗin nan ba kowa a ciki."

Na ce, "Gara ta cinye."

Ta ce, "Ta cinye hoto ta bar katako? Garar makarantar nan ta yi karatu ke nan."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Yayata ce. Tana raye. Ƙona shi zan yi, kuma wanda ya isa ya hana ni."

Ba ta kira mai gadi ba. Zama ta yi a kan matakalar bene, a ƙasa, da mayafinta da komai. Sannan ta ce, "Na sha neman a sauke hotunan nan. Aka ce mini duk masu su sun mutu. Na yarda, don yardar ta fi sauƙi." Ta ɗago ta dube ni. "Ba ni da ƙarfin hana ka, Baba. Amma ba naka ba ne, ba nawa ba ne. An ɗauke shi ba a tambaye ta ba. In ka ƙona shi ba ka tambaye ta ba, kai ma ka shiga layinsu."

Rabon da wani ya yi mini magana haka tun ubana yana raye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zaro hoton na miƙa mata a kife. A kife ta karɓa, ba ta juya shi ba. Ta kulle shi a kabad ɗinta.

A ranar ta hau bencina da kanta, mace mai jikoki, ta sauke sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya. Shugaban sashe ya sauko da sauri. Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce ciwo irin kuturta ya yi wuya yanzu, ɗalibi sai ya gama bai taɓa ganinsa a fata irin tamu ba, in bai gani a hoto ba a ina zai gani? Suka yi ta ja a gaban kowa. A ƙarshe ya ce, "To. Su zauna a kabad ɗinki har ki ajiye aiki. Wanda mai shi ya zo da ƙafarsa ya ce nasa ne, a yi yadda ya ce. Wanda ba a zo ba, kayan makaranta ne, zai koma bango."

Kun ga inda aka sa mu. In Yaya ta yi shiru, ranar da Malama ta miƙa makulli za a mayar da ita gindin bene, ɗalibai su ci gaba da dafa ta. In ta zo, ta tona abin da ta ɓoye tun kafin a haifi wanda ya kafa sharaɗin.

Na je na samu Yaya tana ninke kayan wanki. Na kori yara, na faɗa mata. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Auta, rana ce ta buga ka?" Na ce Yaya da idona na gani. Ta ce, "Ban taɓa shiga asibitin nan ba. Tashi ka ba ni wuri, ka zauna mini a kan zani." Ina da furfura har gira, amma in ta ce tashi, tashi nake.

Na gaya wa Malama. Ta ce in kai ta su gaisa, gaisuwa kawai.

Akwai wani abu a gidan Yaya da kowa ya sani. Tana da kofinta da kwanonta, ba mai taɓawa. In jika ya kai hannu, sai ya sha tsawa. 'Ya'yanta sun ɗauka tsabar tsafta ce, har suna yi mata tsiya wai tana ƙyamar jininta. Ni na san ba su take ƙyama ba. Ranar da na kai Malama, aka kawo mata ruwa a kofin baƙi. Ta bar shi a nan, ta miƙa hannu ta ɗauki na Yaya da ke gefen tabarma, ta kafa kai.

Yaya ta daka tsawa, "Ajiye!"

Malama ta shanye, ta ajiye, ta ce a hankali yadda yara ba za su ji ba, "Inna, kin warke tun ina rarrafe."

Yaya ta kalle ta, ta kalli kofin, ta ce, "Wannan baƙuwa taka ba ta da tarbiyya, Auta." Amma da za mu tafi ta ce, "Ki dawo."

Ta dinga dawowa. Kowane mako, bayan ta tashi aiki, ta hau mota ta je. Ba rikoda, ba biro. Su yi hirar gwiwa, da ɗinki, da surukai, da yadda 'yan matan yanzu ba su iya ɗaura zani ba. Hoto kuwa ko sau ɗaya ba ta ambata ba. Ni kuma wata yana shiga wata yana fita, barcina ya lalace, abinci ya daina mini daɗi. Kullum ƙafata sai ta kai ni makarantar ba a kira ni ba. In duba ƙusoshin da ba abin da ya same su. In girgiza benci in ga ko yana rawa. A gida na kama gyaran teburin da yake lafiya lau, in rage wannan ƙafa in rage waccan, har matata ta ce, "Malam, in ka ƙara taɓa shi tabarma zai koma."

Wata rana na tare Malama a ƙofar ɗakin wanki. Na ce, "Lokaci yana tafiya, ke kina can kina hirar gwiwa. Ki tambaye ta mana!"

Ta ce, "Baba, magana ba ƙusa ba ce da za ka sa filaya ka zaro."

Na ce in ba ta fito ba fa?

Ta ce, "To shirunta ma amsa ce, kuma tata ce. Zan yi faɗan da zan iya kafin in tafi. Amma ba zan sake sa matar nan ta tuɓe don wani ya ce lokaci ya ƙure ba."

Abin da ya ƙara hana ni sukuni shi ne Likitar Gida. A bana ta dawo makarantar neman digiri na gaba, kuma ajin Malama ta shiga. Farar rigarta a kan ƙusata take ratayewa. Tana ganina sai tsiya, kamar yadda muka saba. "Tsoho, an ce kai ka sace mana Amarya. Ka dawo da ita, da ita na ci jarrabawar ƙarshe." Na ce ta wuce ta ba ni wuri, mace ba kunya. Ta wuce tana dariya. Malama tana tsaye a ƙofa, ta ji komai. Ta san ko jikar wa ce. Kullum yarinyar tana zaune a gabanta, kabad ɗin yana bayanta, ba ta taɓa bari ko a fuska an gani ba. Na san riƙon sirri, na riƙe na Yaya tun ina saurayi. Amma ni ba a gaban allo nake riƙe shi ba, ina koyar da darasin da sirrin zai fi kowane littafi bayyanawa.

Makon jiya Yaya ta aiko a kira ni. Na same ta ta ci ado, zanin da take ajiyewa a ƙasan akwati, da turare. Ta ce, "Nemo mota." Na ce ina za mu? Ta ce, "Ka fiye tambaya. Ashe Malamar nan taka za ta bar aiki, ba wanda ya ga dama ya faɗa mini sai ita, jiya, tana sa takalmi."

Ta ƙofar ɗakin wanki muka shiga. Ana cikin darasi. Fararen riguna a jere a ƙusa. Likitar Gida ta miƙe da sauri, "Kaka! Lafiya?"

Yaya ta ce, "Zauna. Ba wurinki na zo ba."

Malama ta jawo mata kujera, ta ƙi. Ta taka har gadon ƙarfen nan, ta dafa shi, ta ce, "Irinsa ne. Har sanyin." Ta zauna a bakinsa. Ta ce, "Kawo."

Malama ta ce, "Inna, in sallame su tukuna?"

"Da sallamarsu nake so da na kira ki gida. Kawo."

Aka kawo a kife. Da hannunta ta juya. Ta daɗe tana kallo, ta nesanta shi, ta matso da shi. Sannan ta ce, "Ashe na yi wuya mai kyau."

Ba wanda ya san ko ya yi dariya. Ta ɗaga hoton ta nuna musu. Ta ce, "Ni ce. Kuturta ce, ba sai kun yi raɗa ba." Ta ba su labarin ranar. Ta ce an kira ta wani ɗaki, maza a tsaye, ga wata na'ura mai ƙafa uku. Aka ce ta sauke riga. Ta ce mijina ba ya nan. Aka ce likita ne ya ce. Wani haske ya walƙa. Ta ce, "Na ɗauka magani ne. Na ɗauka hasken ne zai ƙone tabon. Har na durƙusa na ce musu na gode." Ta ce da tabon ya fara dushewa, ta yi ta sa wa na'urar albarka.

Wani ɗalibi ya sunkuyar da kai. Likitar Gida kuwa ta zube a gaban gadon tana kuka, "Kaka, hannuna nake ɗorawa a kanki. Ina ce miki Amarya. Wallahi ban sani ba."

Yaya ta ce, "Kin ci jarrabawar?"

"Na ci."

"To ai na yi aikina. Tashi, kina ɓata mini zani."

Aka kira shugaban sashe. Ya shigo, ya ga tsohuwa a kan gado da hoto a cinya, ya cire farar rigarsa da kansa ya rataye. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, naki ne. In kin ce a ba ki, a ba ki. In kin ce a ƙona, a ƙona."

Na ce a raina to Alhamdu lillahi, ga ashana a aljihuna.

Yaya ta ce, "Ciwon ya ƙare a duniya?"

Ya ce, "Bai ƙare ba, Inna. Raguwa ya yi, shi ya sa yaranmu ba sa gane shi da wuri."

"Ni da wuri aka gane nawa." Ta ɗaga yatsunta goma ta juya su. Sannan ta ɗauki 'yar baƙar takardar nan da Malama ta ajiye tare da hoton. "Wannan fa?" Aka ce ta rufe ido ce, don mutunci. Ta ce, "Mutuncin nawa a ido yake? Kun rufe inda ba na jin kunya, kun buɗe inda nake ji." Ta murƙushe takardar ta miƙa mini. "Ku buɗe idon, ku rufe jikin. Ba a baranda ba, a ɗakin nan. Wanda zai ga jikin ya fara yi mini sallama, ya ji labarina daga bakina, sannan ya duba abin da zai duba ya rufe. Auta, ka iya, ko a nemo kafinta?"

A ranar Malama ta fito da rikoda, karo na farko. Sai da ta tambaya sau biyu kafin ta kunna.

Na iya. Katako mai kyau na sa, wanda gara ba ta so, na shafa masa magani ciki da baya. Daga wuya zuwa sama gilashi ne. Daga wuya zuwa ƙasa 'yar ƙofa ce mai ƙaramin kwaɗo. Na kafa shi daidai tsayin idon mutum, don wanda ya tsaya a gabansa ya san ana kallonsa shi ma. Makulli biyu ne. Yaya ta ba Malama ɗaya ta ce ta ba wanda ta yarda da shi. Ɗayan ta ɗaure a bakin zaninta, ta ce in an gan shi a hannun Likitar Gida to ita Yaya ta mutu ke nan, ta bar mata.

Malama, yanzu da ke nake.

Ke ce kika zauna a ƙasan bene don maganar kafinta. Ke ce kika karɓi hoto a kife kika bar shi a kife wata da watanni, alhali aikinki kallon irinsa ne. Ke ce kika sha ruwa a kofin da 'ya'yan cikinta ba su taɓa sha ba. Mai haƙurin jiran magana. Ba ki yi wa kowa allura ba, ba ki yanka kowa ba. Na tambaya a baya wa ya taɓa warkewa da tarihi. Jiya na je gidan Yaya na tarar tana zagin jikoki, wani ya ɗauke mata kofi ya sha shayi ya bar shi a tsakar gida. Zagi take, amma ba ta wanke shi da ruwan zafi ba. Na janye tambayata.

Har yanzu hankalina bai kwanta ba, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai sauran hotuna a kabad ɗin. Malama ta bi sawun wasu, ta samu dangin kaɗan, saura ba a san nasu ba. Ba a faɗi wanda zai gaje ta ba. Na ji ana cewa ɗalibanta ba su da yawa, ɗakin zai fi amfani in ya koma sito. Ni ban san yadda ake rubuta wa manya takarda ba, don haka a nan zan faɗa. Kowane hoton da ke cikin kabad ɗin nan yayar wani ce, ko uban wani. Ku nemi wanda zai zauna a kujerar matar nan. Ku likitocin da kuka kwanta a gadonta kuka ji sanyinsa, ɗayanku ya dawo ya karɓi makullin. Wanda ba zai iya wannan ba, ya yi ƙaramin: kafin ka ɗaga rigar mutum, ka dubi idonsa ka tambaye shi. In ana buƙatar ƙofofi ga sauran hotunan, katakon yana shagona, na riga na yanka.

Allah ya ba ki hutu mai daɗi, Malama, ya sa gwiwarki ta fi ta mai gadi ƙwari. Yaya ta ce in faɗa miki ajiye aiki ba ajiye zuwa ba ne, tana jiran ki ranar da kika saba.

Na gode. Ban saba faɗa ba, don haka ba zan maimaita ba.